Yadda Ake Rataya Tsummoki a Rufin Asibiti Har a Tafa Maka

Ɗan'uwa, in kana son suna ba tare da ka zubar da gumi mai yawa ba, nemi wuri ka zauna ka karanta wannan a hankali. Ba sauri muke yi ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka rataya yagaggun tufafin mutane a rufin asibiti, manya su zo su tsaya a ƙasa su ɗaga kai su tafa maka, a ɗauke ka hoto, a riƙa kiranka mai fasaha. Abin ba ya ƙi. Da idona na gani.

Za ka ce ni wane ne. Ni ba kowa ba ne, mota nake wankewa, karatuna ma bai yi nisa ba. Sai dai ni ke kai Innata asibiti ganin likitan hawan jini, kuma a babban zauren jira na asibitin nan wani bawan Allah ya yi irin wannan aiki ina kallo, tun daga farko har ƙarshe. Na zauna ƙarƙashinsa har na ƙware. Ilimin ne na ce bari in raba, kada ya tafi a banza.

Mataki na ɗaya: Zaɓi wurin da ba a iya gudu

Kada ka kai aikinka kasuwa. A kasuwa mutum da ƙafarsa yake, in abu bai yi masa ba sai ya wuce, wani ma ya tsaya ya tambaye ka ko gobara aka yi. Kada ka kai tashar mota, bakin direbobi ba shi da birki.

Asibiti za ka nufa. A can an ba mutum kati, an ce ya jira, to jiran ya zama dole. Ko me ka rataya a kansa sai ya kalla, tunda ba shi da abin kallo sai bango da kumburarriyar ƙafar na kusa da shi. Daga baya in an tambaye ka, ka ce jama'a ba iyaka ke kallon aikinka kullum. Ba ƙarya ka yi ba.

Ga kuma wata riba: marar lafiya ba ya musu. Wanda ke jiran sakamakon gwajin jini ba shi da ƙarfin cewa abu bai yi kyau ba.

Mataki na biyu: Gyara kanka kafin ka taɓa rufi

Nemi tabarau, ko idonka lafiya lau. Naɗa gyale a wuya, ko da zafi na narkar da kwalta. Rataya jakar yadi a kafaɗa, kada ka bari kowa ya ga abin da ke ciki, don ba komai a ciki.

In ka shiga ofishin shugaban asibiti, kada bakinka ya kuskura ya ce tsumma. Ka ce ka zo ne ka warkar da zukata ta hanyar ido. Ka ce a manyan ƙasashe duk haka ake yi yanzu. Ba zai tambaye ka wace ƙasa ba, don kada ka ɗauka bai taɓa fita ba. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru ka kalli silin kamar kana jin wata murya daga can. Shi zai fara magana, kuma amincewa zai yi.

Mataki na uku: Kada ka sayi yadi, na mutane ya fi daɗi

A nan gwanintar take, ka buɗe kunne.

Ajiye tebur da babban kwando a tsakiyar zauren jira. Amma kada ka zauna kan teburin kamar mai sayar da kati. Bi benci-benci. Tsallake samari, tambayarsu ta yi yawa. Tsofaffin mata za ka nema, ka durƙusa gabansu har gwiwarka ta taɓa ƙasa. Tsohuwar da ta wuni a asibiti ba wanda ya ce mata sannu, in mai tabarau ya durƙusa mata, ka gama da ita.

Ga yadda mai fasahar namu ya yi da Inna, ka haddace:

"Sannu Mama, ya jikin?"

"Da sauƙi, ɗan nan."

"Mama, ko akwai wani naku da ya taɓa jinya a nan?"

"Maigidana. A nan Allah ya karɓi abinsa, a ɗakin sama."

"Allah ya jiƙansa da rahama. To ai irinsu muke son karramawa. In akwai wata rigarsa, ku kawo mana mu ɗaga ta sama, duk wanda ya shigo ya gani."

Ka lura da kyau. Cewa ya yi a ɗaga ta sama. Bai ce aro ba, bai ce kyauta ba, kuma bai ambaci almakashi ba. Kai ma kada ka ambata. Bar tsohuwa ta cike sauran da kanta.

Abin da Inna ta cike da shi kuwa, hanga ce. Ta ɗauka za a sa rigar a hanga kamar yadda masu wanki da guga ke yi, a jera ta da na sauran mamata, mutane su gani su yi addu'a, in an gama a miƙo mata abarta.

Riga ɗaya Baba ya bari mai kyau, ruwan toka, da aikin hannu a wuya. A ƙasan akwati take, Inna na fito da ita lokaci-lokaci ta kaɗe ta mayar. Ta ce ni zan sa ta ranar aurena. Da ta fito da ita wannan karon sai ta ce da ni, "Bari ta je ta sha iska, mutane su san babanka ma ya sa kaya. Kafin ka samo matar an dawo da ita, tunda kai komai naka a hankali ne."

Ita ta goge ta da kanta, ta hana ni taɓa dutsen gugar. Da za ta miƙa, ta riƙe ta da hannu biyu ta ce, "A kula da wuyan, ɗan nan."

Ya ce, "Mama, kamar raina."

Wannan amsar ma ka haddace ta. Ba ta ɗaure kowa.

Mataki na huɗu: Yanka, rina, kada ka waiwaya

Nemi ɗaki a bayan asibiti, mai ƙofa mai rufuwa. Juye kwandon a ƙasa. Riga, zane, ɗankwali, mayafi, majanyin goyo, duk ka bi su da almakashi ka yi musu dogayen tsaga. Kada ka tsaya shinshina, wasu na ƙanshin akwati, zai iya karya maka zuciya ka kasa yankan.

Sai rini. Tsoma su duka a manyan robobi, wasu shuɗi, wasu ja, wasu ruwan ƙasa. In an tambaye ka dalili, ka ce don mai kuɗi da talaka su zama ɗaya. Dalilin gaskiya kuwa tsakanina da kai ne: abin da aka rina, mai shi ba ya gane shi, wanda bai gane nasa ba kuwa ba ya cewa a ba shi.

In sun bushe, murɗa su, ƙulla su, ka bar wasu suna lilo. Idan ka ja baya ka ga abin ya yi kama da hanji, kada hankalinka ya tashi. Ka ce kogi ne. Likitoci za su gane, amma ba za su faɗa ba.

Mataki na biyar: Kawar da duk abin da ya tsaya wa aikinka a gaba

Fankokin silin abokan gaba ne, suna naɗe tsumma. A kwance su. Mai jira zai yi gumi, amma ƙarƙashin fasaha zai yi shi, ba kamar da ba da yake gumin banza.

Bencina ma su tashi. Aiki irin naka sai an tsaya a tsakiya ake ganin zurfinsa, mutum a zaune ba ya fahimta. A tura su can lungun da ke kusa da banɗaki. In wani ya yi ƙorafi, ka ce masa ai tsayuwa motsa jiki ce.

Akwai wani dattijo da ranar ganin likitansa ke haɗuwa da ta Inna, Baba Mai Sanda muke ce masa, gwiwa ke damunsa. Ranar da aka fara ɗaga kayan ya tsaya ya dafa sandarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya taɓo ni.

"Samari, wanki suka yi?"

"A'a Baba, ado ne."

"To a gaya musu ya bushe."

Irin waɗannan mutanen za ka haɗu da su. Kada ka ba su amsa. Gyara gyalenka ka wuce.

Mataki na shida: Raɗa masa suna

Suna mai nauyi, wanda ba ya nufin komai. Namu ya sa wa nasa Numfashin Al'umma, aka rubuta a ɗan allo da ƙananan haruffa, sunansa kuma da manya.

Kada ka damu in sunan bai kama ba. A asibitinmu Shanya kowa ke cewa. In ka tambayi mai gadi ina ɗakin magani, sai ya ce ka bi ta ƙarƙashin Shanya ka yi dama. Ko banza dai aikinka ya amfani jama'a.

Mataki na bakwai: Ranar buɗewa, ɓoye marasa lafiya

Ba abin da ke ɓata bikin asibiti irin marasa lafiya. Tari suke yi ana tsakiyar jawabi, kuma ba sa yin kyau a hoto. A ja musu labule. A kawo kujeru masu laushi na baƙi, a jera su daidai inda aka ce ba a zama.

Inna ta ji labarin ranar, ta ce sai ta je, ko da yake ba ranar likitanta ba ce. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen fitarta. A ƙofa mai gadi ya tare mu.

"Mama, yau ta manya ce."

"Ai ba wurinsu na zo ba, rigar mijina na zo gani."

Allah ya taimake mu wata nas ta hango mu, wadda ke auna wa Inna jini, Sista kawai muke ce mata. Ta shigar da mu ta ƙofar gefe, ta tsayar da mu jikin bango. Inna ta ɗaga kai. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sake dubawa.

"Ina rigunan?"

Na ce, "Su ne waɗannan, Inna."

Ta sake ɗaga kai tana bin su da ido. Lasifika na ta aiki, mai fasaha na cewa kowane zare a nan labari ne, kuma an saƙa hawayen al'umma wuri guda. Aka tafa. Shugaban asibiti ya ce shi kansa tun da aka rataya abin yake jin sauƙi a jikinsa. Aka sake tafawa. Sai da suka fara shan lemo Inna ta jawo hannun rigata.

"Wanne ne na babanka?"

Na duba iya dubawata. Shuɗi, ja, ruwan ƙasa. Ba ruwan toka ko ɗaya.

Kai dai a irin wannan rana kada ka kalli jikin bango. Kalli mai hoto.

Mataki na takwas: Koyi amsa tambaya ba tare da ka amsa ba

Za a zo maka, wannan ba makawa. Yawanci ɗan tsohuwar ne za a turo, ya tsaya yana murza hannu.

Tun daga ranar buɗewa, duk zuwanmu Inna ba ta zama a lungun bencina. Tsakiyar zaure take tsayawa, kai a sama, tana bin tsummokin ɗaya-ɗaya. Ta haƙura da rigar, wuyan kawai take nema. Ta ce aikin hannu ba ya ɓuya ko an rina, in an ba ta shi ko a jikin wata rigar sai a ɗora mini. Mai hawan jini kuwa in ya daɗe kai a sama jiri ke ɗibarsa. Sista ta yi faɗa, likita ya ƙara ƙwaya, ya tambaye ta me take sa wa ranta. Ta ce ba komai.

Sai na je na sami mai fasaha, ya kawo wasu baƙi yana nuna musu. Na jira ya gama, na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, maganar rigar babana ce."

"Tana sama."

"Na san tana sama. Yaushe za ta sauko?"

"Abokina, yanzu ba ta babanka ba ce shi kaɗai. Ta zama ta kowa."

"Kowa bai sani ba, ranka ya daɗe. Inna ce kaɗai ke nemanta."

Ya cire tabarau, ya dafa kafaɗata, ya dube ni kamar zai yi kuka. Ya ce, "Ka ji wannan zafin da kake ji? To shi ne aikin."

Na daɗe ina wanke motoci, na ji ƙarya kala-kala daga bakin masu hali, amma ban taɓa jin mai santsin wannan ba. Ka riƙe ta da kyau. Da ita za ka iya taka ƙafar mutum ka ce masa ya gode.

Mataki na tara: In tsohuwa ta ƙi haƙura, kawo tsani

Wata rana da hantsi jirin ya yi ƙarfi, Inna ta zauna daɓas a tsakiyar zaure. Na ce mu matsa gefe, ta ce a nan za ta huta. Masu tura gadon marasa lafiya suka riƙa kewaye ta. Sista ta zo ta tsaya kanta, ta kama ƙugu, ta juya ta hau sama ofishin shugaba. Ban san me ta gaya masa ba, amma zuwanmu na gaba sai ga mai fasaha da tsani da almakashi, da mai hoto a bayansa.

Wannan ma darasi ne: ko gyaran kuskure za ka yi, tafi da mai hoto.

Ya hau, ya ɗan yi lalube kamar mai neman wani abu takamaimai, ya kamo wani shuɗin tsumma da hannunsa ya fi kusa da shi, ya datse. Ya sauko ya durƙusa, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Matan da ke jira duk suka taso daga lungu suka kewaye mu.

"Mama, ga amanarku."

Inna ta karɓa. Ta warware murɗin a hankali, ta shimfiɗa a cinya, sannan ta ɗaga shi wajen hasken taga. A ƙarƙashin rinin ga furanni nan manya-manya, da ɗan tsuntsu a kan reshe.

Ta ce, "Ɗan nan, maigidana bai taɓa ɗaura zane ba."

Baba Mai Sanda ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mai hoto ya sauke kyamara.

"Mama, ai a wurin fasaha, namiji da mace..."

Ba ta bar shi ya ƙarasa ba, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke tsumman gida-gida a kan gwiwarta, ta shafe shi da tafin hannu kamar sabon ɗinki, ta miƙa masa.

"Hau ka mayar. Mai shi ma tana nan zuwa tana dubawa, kada ta zo ta tarar babu."

Ya tsaya riƙe da shi. Ya dubi Sista, Sista ta dubi tsanin. Haka ya hau, gyale na jan ƙasa, ya yi ta neman inda ya datso, ya rasa, ya ƙulla shi inda ya samu.

Inna ta miƙo mini hannu ta ce, "Ɗaga ni, mu je layi kada a kira mu ba ma nan."

Tun daga ranar ba ta ƙara tambayar rigar ba. In mun shigo zauren, ƙasa take kallo har mu wuce. Sista ta ce jinin ya ɗan sauka. In kana so ka ƙara wannan a jawabinka na gaba, ka ce aikinka ya warkar da wata tsohuwa.

Mataki na goma: Tafi kafin ƙura ta sauka

Tsumma a sama ba ya wanke kansa. Kafin a jima zai yi furfura, gizo-gizo ya tare da iyalinsa, masu asma su fara kallonka da wani ido. Kada ka jira wannan. Ɗauki hotunanka ka nufi wani asibitin. Akwai wani zauren jira a can, da tsofaffi, da akwatuna.

Bayanin kare kai

Ni mai wannan rubutu, shawara kawai na bayar, ban riƙe wa kowa almakashi ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya sami suna, sunansa ne, ba na neman kaso. Duk wanda ya bi kuma abin ya juye masa, shi ya jiyo.

Musamman ina sanar da cewa matan da suka kewaye mu ranar nan sun gane abu ɗaya, wato abin da ke sama yana saukowa in an hau. Yanzu kullum akwai masu zama bakin ƙofa, wata na neman ɗankwalin 'yarta, wata mayafin uwarta, wata majanyin da ta goyi ɗan da bai rayu ba. Duk mai tabarau da gyale da ya shigo sai sun tashi tsaye. Inna ba ta cikinsu, ta ce an yanka rigar sau ɗaya, ya isa haka.

Saboda haka in ka shigo suka tare ka, kada ka waiwayo kana nemana, ban san ka ba. Tsanin dai yana jingine a bayan ɗakin magani, kuma ba ni na nuna musu ba.